Musayar Baiti Kan 'Yan Ren na Ƙasar Ailan

Ɗan'auta:
Baffa da Gwaggo, ku ba ni aron kunne,
Labarin Ailan na zo da shi a ƙulle.
Ran 26 ga Disamba, Kirsimeti ya wuce,
Sanyi na cizo, samari ba su zaune.
Sun sha rigar ciyawa, fuskoki a rufe,
Gida-gida suna waƙa da neman kuɗi, ganga a rataye.

Gwaggo:
Auta, ai tashe ne kake kwatantawa,
Mu da azumi, su da hunturu suke fitowa.
To mene ne a kan sanda suke ɗagawa?

Ɗan'auta:
Tsuntsu ne, Gwaggo, ren, ɗan mitsitsi,
A reshen bishiyar holi mai ƙaya ake ɗaure shi.
Sarkin tsuntsaye suke ce masa, ga dalili:
Ran gasar tashi, a gadon bayan gaggafa ya laɓe ba motsi,
Da ta gaji ta tsaya, ya tashi ya ɗara ta da taƙi.

Baffa:
Sarautar wayo ke nan! Yaro, ka bar rabinsa,
In sarki ne, don me a da ake farautarsa?
Wai ya tona maɓoyar Istifanus, waliyyin Kirista, da kukansa,
Wai ya tsattsagi ganga, maƙiyan Ailan suka farka da ƙarar bakinsa.
Ni dai ban kama wannan zance ba ko gefensa,
Marar gata ake ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Gwaggo:
Malam, bar shari'ar tsuntsu, kuɗin nake tambaya.
Sun ce na jana'izar ren ne, ashe na rawa ne da walima.
Marowaci kuwa, a da a ƙofarsa ake binne gawa,
Shekara guda yana zargin kansa da rashin sa'a.

Ɗan'auta:
Yau an bar kisa, na roba ko na tsumma ake ɗauka.
A Dingil, gundumar Keri, har yanzu ana fita,
Da sarewa da ganguna, unguwa na gasa da unguwa,
Ga farar goɗiyar wasa tana tsalle cikin jama'a,
Abin da aka tara kuma na taimakon mabuƙata.

Baffa:
To, tsuntsu ya tsira, na janye ƙarata.

Gwaggo:
Ni in sun zo, zan ba su shayi da 'yan silallana,
Amma su kakkaɓe ciyawar nan kafin su shigo ɗakina.