Tsawa ko yabo: wanne ƙwaƙwalwar yaro ta fi kamawa?

Mushe, Zango: Jama'a, ni ina nan kan bakana: tsawa ta fi yabo gyara yaro. A yi masa faɗa kan dikte, gobe makinsa ya hau. A yaba masa, ya sauko.

Malamar lissafi, Sabon Gari: Mushe, ido ne ya ruɗe ka. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam, ya ji wannan hujja daga bakin masu koyar da tuƙin jirgin yaƙi a Isra'ila. Yaron da ya saba cin 12 bisa 20, ran da ya faɗo 5, gobe kusa da 12 zai koma, an yi tsawa ko ba a yi ba. Ran da ya ci 18 ma haka. Sai tsawa ta kwashe ladan da ba nata ba.

Likita: Amma kada a kayar da Mushe gaba ɗaya. Wolfram Schultz, masanin ƙwaƙwalwa, ya nuna a 1997, da birai da ruwan 'ya'yan itace, cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da dofamin, sinadarin da ke da hannu wajen koyo daga lada, suna zabura ne in lada ya zarce tsammani. In an saba da shi, shiru. In an sa rai bai zo ba, su yi ƙasa. To "madalla" ta kullum ba ta koyar da komai.

Malamin allo, Birni: Mu dai wurin da yaro ya karya harafi ake tsayar da shi, a biya masa, ya maimaita. Bulala tana gefe.

Likita: Allah gafarta Malam, tsayarwar nan ita ce maganin, don gyara ya sauka daidai kan kuskuren. Bulalar ce matsala. Tsoro yana tada amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai gano haɗari, kortizol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin fargaba, ya kai ƙololuwa bayan minti 20 zuwa 30, goshin ƙwaƙwalwa mai riƙe bayani ya raunana. Idon yaro na kan allo, hankalinsa na kan hannunka.

Malamar lissafi: Masana biyu, Kluger da DeNisi, sun tattara bincike a 1996, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsokacin da ake yi wa mai aiki ƙara ɓata aikin yake, musamman in ya karkata kan mutumin. "Kai jaki ne" ba ya nuna abin gyara. "Layi na uku, ka bar s na jam'i" yana nunawa.

Mushe: Aji ya cika maƙil, Malama. Wa ke da lokacin bin layi-layi?

Malamar lissafi: Kuskure ɗaya a kowane kaye, ja masa layi da jan biro, ya gyara a gabanka kafin a tashi.