Shin da gaske an ɗauki hoton elektron yana motsi?

Usman Kurna: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu na ce masana sun ɗauki hoton elektron, wato ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki da ke cikin atam (ƙwayar zarra), yana yawo cikin ƙwayar sinadari, aka ƙaryata ni. Ai kan wannan aka ba Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier kyautar Nobel a 2023.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kyautar gaskiya ce, amma maganar hoto ban yarda ba. Abin da suka samar ƙyallin hasken leza ne gajere ƙwarai, wanda ake aunawa da atosakan. Ka kasa daƙiƙa gida biliyan, ka ɗauki kashi ɗaya ka sake kasa shi gida biliyan, shi ne atosakan ɗaya. A 2001 Krausz ya ware ƙyalli guda mai atosakan 650.

Yaya Binta: To Malam, ai hoton kenan. Ranar da aka yi ruwan dare a Gwammaja ina tsaye a zaure, da aka yi walƙiya sai na ga ɗigon ruwa daga indararo kamar an rataye shi. Gajeren haske ke tsayar da abu mai gudu.

Malam Habu: Ke idonki ya gani. Su kuwa ƙyalli na farko ne ke fizge elektron, na biyu ya biyo baya, na'ura ta auna abin da ya fito. A sauya tazarar, a maimaita ba adadi, sannan lissafi ya zana motsin. Bin sawu ne.

Yaya Binta: Hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu fa? Amsa-kuwwar sauti ce kwamfuta ke zanawa, kuma kowa hoto yake ce masa.

Malam Habu: Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai jariri yana da wurin kwanciya takamaimai. Elektron ba shi da, inda ya fi yiwuwa a same shi kawai ake zanawa.

Aminu Fagge: Ni batun sarrafa elektron ɗin ya fi burge ni. Ahmed Zewail ɗan Masar ya samu Nobel a 1999 kan bin motsin atam, amma elektron ya fi atam sauri nesa ba kusa ba. In aka tura shi gefe guda kafin atam ɗin su motsa, fatan shi ne a zaɓi wane haɗi tsakanin atam ɗin ne zai tsinke.

Usman Kurna: Malam, to yau da daddare me zan ce musu?

Malam Habu: Ka ce an auna motsinsa.

Yaya Binta: Ƙanena, ni dai ina nan kan hoto.