Gidan kakanmu marubucin waƙoƙi: a sayar a raba gado, ko a mayar da shi gidan tarihi?

Jikar Malam ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, don ranar Juma'a mai zuwa bayan La'asar dangi za su zauna.

Kakana na wajen uwa marubucin waƙoƙi ne da ajami. Ba zan kama sunansa ba tunda maganar gado ce ba a gama ba, amma waɗanda suka girma da sauraron rediyo a Kano sun ji ana rera waƙoƙinsa, kuma har ya bar duniya ɗaliban jami'a ba su daina sallama a zaurensa ba. Gidan yana cikin badala, ginin ƙasa ne: zaure biyu, shigifa, ɗakuna shida, da wani ɗan soro a sama inda yake rubutu. Bayan rasuwarsa kakarmu ce ta ci gaba da zama a ciki, shi ya sa ba wanda ya ta da maganar rabo. Ita ma Allah ya yi mata rasuwa bayan Babbar Sallah.

Soron nan shi ne ya hana ni barci. Buzunsa yana nan a shimfiɗe, da kurtun tawada, da alƙaluman kara a cikin gwangwanin madara, da tabaransa da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Akwai akwatunan ƙarfe uku cike da takardu, da gafaka biyu a rataye. A jikin bango, daidai inda yake jingina, wurin ya yi santsi yana ƙyalli saboda shekarun da bayansa ya yi yana gugarsa. Ina ƙarama nakan kai masa fura can sama, sai ya ce in tsaya, ya rera mini baiti biyu ya tambaye ni ko sun zauna. A lokacin ban san me nake ji ba. Yau ni ce nake koyar da waƙar Hausa a sakandare.

Daminar bana indararo ɗaya ya karye, ruwa ya bi bango, azara biyu sun fara ruɓewa, gara kuma ta yi hanya a kusurwa. Wani ɗan kasuwa ya taya gidan, rushewa zai yi ya gina shaguna. Kawu babba yana son a sallama. Ƙanwar mahaifiyata mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar a gidan haya, kasonta take jira, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ni ba magajiya ba ce, mahaifiyata ce, ta kuma ce in na zo da magana mai kama hankali za ta tsaya a kanta.

To me zan kai musu? Ta ina ake fara mayar da gida irin wannan gidan tarihi, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin kula da shi? Gwamnati tana karɓa?

Ɗan Gwammaja ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsofaffi. Malama, ni a bayan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, na tashi, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, kuma ban da siyasa shi ma marubuci ne, ya rubuta wasannin kwaikwayo. Gidansa yana tsaye yau ne saboda ya shiga hannun Jami'ar Bayero ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Akwai ma'aikata masu albashi, akwai ɗakin taro mai sunan Sa'adu Zungur da kusan kullum za ki tarar da jama'a a ciki. Haka Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna ne, tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi, Jami'ar Ahmadu Bello ke riƙe da shi. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Gidan Makama kuma hukumar gidajen tarihi ta tarayya ce ke kula da shi.

Kin ga kowanne yana da uban da ke biyan mai gadi da mai shara a ƙarshen wata. Wannan shi ne abin nema, ba kuɗin gyara na rana ɗaya ba. Gyara kan samu: attajiri ɗaya zai iya bayarwa a yi bikin buɗewa a yanka ƙyalle. Shekara ta uku ita ce matsala, ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, rufi kuma yana neman yaɓe.

Ki rubuta wa hukumar jiha takarda, ki kuma je sashen Hausa na jami'a, amma kada ki kai wa dangi alƙawarin gwamnati ranar Juma'a alhali ba ki da shi a rubuce. Ko a Ingila, gidan da aka haifi marubucin nan Shekispiya ba gwamnati ce ta saye shi ba. A 1847 aka sa shi a gwanjo, mutane suka yi karo-karo aka saye shi fam 3,000. Kakanki yana da almajirai da masoya, wasu yanzu manyan 'yan kasuwa ne a Kwari da Singa. Daga nan zan fara in ni ne.

Malamin Zaure ya amsa:

'Yata, niyyarki kyakkyawa ce, amma a fara da haƙƙi. Tun ranar da Malam ya rasu gidan nan ya zama na magada, jinkirin rabo bai canza komai ba. Tumunin da kakarki ta gada a ciki, wato kashi ɗaya cikin takwas, shi ma yanzu ya zama gadon da za a raba, don haka lissafi biyu ne, a nemi wanda ya san ilimin rabon gado ko a je kotu. Ko da Malam ya bar wasiyya cewa a bar gidan, ba za ta wuce sulusin dukiyarsa ba sai da yardar magada. Ba kuma a yin kyauta da kason maraya ko na ƙaramin yaro.

Hanyar da shari'a ta buɗe muku ita ce hubusi, wato wakafi: a keɓe dukiya don Allah a riƙa amfana da ita. A kira masu ƙiyasi su yi wa gidan kuɗi tsakani da Allah. Duk magajin da ya yarda, baligi mai hankali, ya bayar da kasonsa hubusi. Wanda yake buƙatar kuɗinsa, a biya shi cif, ba ragi, ba kuma kallon banza. Sannan a mazhabar Malikiyya akwai shuf'a: matuƙar gida bai rabu ba, in wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya wannan kuɗin ya karɓa. Mahaifiyarki ta san da wannan.

In an yi hubusin a rubuta shi da shaidu, a ambaci abin da za a riƙa yi a gidan da wanda zai kula da shi da wanda zai gaje shi. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi a jihar nan, ku je ku ji yadda ake rajista. Kuma ni zan fi so a ce wurin karatu ne, ana buɗe waƙoƙin ana koya wa yara, a kan a kulle ɗaki mutane su riƙa leƙen buzu. Wanda ake karatu a cikinsa shi ne ladansa zai riƙa isa ga Malam.

Uwar Marayu ta amsa:

Ku yi haƙuri, ni ban bi ku ba. Malama, ku sayar.

Mahaifinmu malami ne, ya bar gida da ɗaki guda na littattafai. Yayanmu ya ce ba za a taɓa ba, za a yi ɗakin karatu da sunan Baba. Muka yi shiru don kunya. Shekara tara gidan yana kulle, ni ina wankau ina biyan haya da kuɗin makarantar yara. A shekara ta tara katangar baya ta faɗi cikin dare, littattafan suka jiƙe suka manne kamar ƙosai, aka sayar da filin a wulaƙance. Har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa a cikinmu.

Wannan ƙanwar mahaifiyar taki, ni na san abin da take ji in mai gida ya aiko yaro a farkon wata. Ba za ta faɗa a gaban yayyenta maza ba, kuka za ta je ta yi a ɗaki. Kakanki waƙa ya bari, kuma waƙa tana cikin akwatunan nan. Ku kwashe takardu ku adana, ku ba kowa haƙƙinsa. In kuma kin dage, to ki je wurinta ke kaɗai kafin Juma'a, ki sa ranar da za ta riƙe kuɗinta a hannu. In ranar ta zo ba a haɗa ba, ki saki.

Magini Ɗan Gado ya amsa:

Hajiya, ni ginin ƙasa na gada, a kan ginin kawai zan yi magana.

Kada ki bari kowa ya ce a shafe bangon da siminti wai don ya yi ƙarko. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye, wata rana ya ɓanɓaro gaba ɗaya da rabin bango. Na ga gidaje da yawa a cikin gari da haka ta kashe su. Abin da ginin ƙasa yake so shi ne yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a bi shi da katsi na marina ko laso. Duk shekara kafin ruwan fari a hau a duba, a toshe tsaga, a share bakin indararo. Aikin kwana uku ne ko huɗu in ba a bari ya taru ba.

Azara biyu ba abin tsoro ba ne. A tokare rufin, a zare su a sa sababbi, amma a tabbata ta giginya ce da ta ƙosa, ita ce gara ba ta cika ci ba. Indararon kuwa a gyara shi gobe, ko za a sayar ko ba za a sayar ba.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe: gidan ƙasa ba ya son kaɗaici. In akwai mai kwana a ciki, shi zai ji ɗigar ruwa da dare ya sa kwano, da safe ya kira magini. Me zai hana ita wannan baiwar Allah mai marayu ta dawo cikin gidan, in tana so, ta huta da haya? Zaure da soro suna da hanyarsu daban, ba sai baƙi sun ratsa cikin gida ba. Zaure na waje kuma in yana kallon titi, ɓangare ɗaya zai yi shago, hayarsa ta isa yaɓen shekara.

Ɗalibin Ajami ya amsa:

Malama, don Allah takardun. Ki sauko da akwatunan daga soron yau, ki ɗora su a kan benci nesa da bango a ɗaki busasshe. Kada a zuba su a leda, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a kai su shago a manne su da roba mai zafi, wannan ba ya gyaruwa. Kuma kada kowa ya ce zai jera su: rubutun ajami warwara yake ba ɗinki, in ganye ya bar wurinsa sai an sha wuya, duk da wasu marubutan sukan sa kalmar farkon shafi na gaba a ƙasan shafi. Ki ɗauki hoton kowane ganye da waya yadda kika same shi, da hasken rana a inuwa, ki ajiye kwafi a wuri biyu.

Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardu tun 2004, suna ba da tallafin ɗaukar hoto, asalin takardun kuma suna zama a ƙasarsu. Ta hannun malamin jami'a ya fi sauƙin nema. Duk wanda ya zo karɓa, ko wane ne, a rubuta cewa aro ne, da adadin ganye. Su ma takardun gado ne, sai da sanin magada. Ina da Asabar da Lahadi, zan zo in taya ki kyauta in kawunki ya yarda.

Jikar Malam ta dawo:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Uwar Marayu, maganarki ce ta fi yi mini zafi, ita kuma na fara bi. Jiya da daddare na je wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata. Ashe wata huɗu ake bin ta haya, ba wanda ya sani a cikinmu. Na kawo mata maganar dawowa gidan, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce a ɗakin da ke kusa da rijiya aka haife ta. Ba ta ce e ba. Ta ce ko ta dawo tana buƙatar wani abu a hannu saboda babbar 'yarta an sa mata rana, na ce haƙƙinta ne.

Abin da Umma za ta kai ranar Juma'a ke nan: a yi wa gidan kuɗi, a ba mu wata shida. Ita ta bayar da kasonta hubusi, ƙaramin kawunmu ma ya ce ya bayar. Sauran za mu nema wurin almajiran Malam, na riga na rubuta sunaye 14. In wata shida ta cika ba mu haɗa ba, a sayar, ba zan ƙara cewa komai ba, sai dai in roƙi a bar ni in ɗauki hoton soron kafin a rushe.

Akwatunan sun sauko da safen nan da izinin Kawu, shi da kansa ya kama mini ɗaya. Na ƙasan ciki gara ta taɓa gindinsa, ban buɗe ba, ina jiran Asabar. Baba Magini, indararon na ƙarfe za mu sa ko na ƙasa irin na da? Kuma tokarar rufin, za ta iya jira har bayan zaman, ko in nemo mutum tun gobe?