Gwaggona ta rame a gidan kula da tsofaffi, tsufa ne ko sakaci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Gwaggona ce ta riƙe ni tun ina shekara 4. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta yi min aure, har tumakinta ta sayar ta yi min kayan ɗaki. Bara ɓarin jikinta ya shanye. Ni ina aure a Daura, ɗaki ɗaya gare ni, ga abokiyar zama. Yayanmu ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi a Katsina, shi ke biya. Ranar Asabar na je, awarwaron da ke kama mata hannu yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Leɓenta ya tsattsage, ɗakin sai zarnin fitsari. Muna cikin hira mai kula da ita ta shigo, sai Gwaggo ta yi tsit. Sun ce tsufa ne. Na kasa barci.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: 'Yata, tsufa ba ya sa zarni, rashin canza shimfiɗa ne. Kin juya ta kin duba bayanta? Ki duba ƙugu, ɗuwawu da diddige. A fatarmu gyambon kwanciya ba lallai ya fara da ja ba, wurin kan yi duhu, ki taɓa ki ji ɗumi ko tauri. Wanda ba ya iya motsi duk awa 2 ake juya shi. Fitsari in ya yi kalar shayi, galibi ruwa ne bai isa ba. Ki ƙirga ƙwayoyin maganinta, ki koma ba sanarwa ki sake ƙirgawa.

Mai tambaya: Mama ban duba ba, kunya na ji, kamar uwa take a wurina.

Wani daga Ƙofar Ƙaura: Malama, tun farko wa ke kai tsohonsa irin wannan gida? Ki ɗauko ta gobe.

Mai tambaya: Malam in sa ta ina? Maigidan ma bai san na rubuto nan ba.

Wata 'yar uwa: Sauƙin faɗa gare shi. Shekara 3 ina jinyar uwar mijina, wankin kashi da fitsari ni kaɗai, 'ya'yanta mata sai ranar Juma'a su zo da lemo su ce ta rame. Kada ki yi wa ma'aikatan gidan faɗa, kina tafiya a kan gwaggonki za su huce.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Lallaɓawa ba ta warkar da gyambo. Ki ajiye kunya. In kin ga fata ta buɗe, Asibitin Koyarwa na Tarayya za ki kai ta a ranar, balle in tana da ciwon suga. Shirun da ta yi ya fi damuna. Ki fitar da kowa, ki tambaye ta ke kaɗai.

Mai tambaya: Ai dama can ba mai yawan magana ba ce. Kuma Yaya ya ce in na ɓata da su, ni zan riƙa biya.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: To yaushe za ki koma?

Mai tambaya: Sai an bar ni, wataƙila bayan sati 2.