Riƙe yara a ɗakin radiyo (hoton X-ray): wai madara na wanke hasken?

Ƴar Sitaji:
Assalamu alaikum yayyena. Ina shekara ta biyu a karatun jinya nan Yamai, an tura mu sitaji wani asibiti. Duk yaron da ya ƙi tsayawa a yi mishi radiyon ƙirji, mu ƴan sitaji ake kira mu danne shi. Rigar dalma mai tare hasken radiyon guda ce, a ninke bisa kujera, duk ta tsattsage. Wata babba ta ce in na koma gida in sha madara, za ta wanke hasken. Gaskiya ne? Hankalina bai kwanta ba.

Mai Ɗaukar Hoto:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Madara ki sha don daɗi. Hasken ba ya zama a jiki balle a wanke shi, da an danna ya ratsa ya wuce. Radiyon ƙirji guda bai taka kara ya karya ba, kamar 0.1 mSv ne (mSv ma'aunin hasken da jiki ya samu ne), alhali kowa na samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama. Mai riƙo ma warwatsin ke samun shi. Inda gizo ke saƙa, uwar yaro yau kaɗai za ta riƙe, ke kuwa kullum ce, abin taruwa yake. Shi ya sa ƙa'ida uwa ko uba su riƙe, sanye da riga, in dai uwar ba ta da ciki. Ke ja baya: in kin ninka nisa, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar kuma ratayewa ake, ninki ke karya dalmar.

Tsohon Hannu:
Yaran yanzu da tsoro! Mun daɗe muna riƙewa, ga mu garau.

Hajiyar Tawa:
Yaya, cutar kansa ba ta sallama ranar, sai bayan shekaru. Ƴata, tambayi majo (shugaban sashenku) dozimeta, ƴar na'urar da ke auna hasken da jikinki ya samu. Iyakar ma'aikaci 20 mSv a shekara, in ba a auna ba wa ya sani? Masu haƙar yuraniyom a Arlit na rataya ta, kuma ARSN, hukumar kula da harkar nukiliya ta Nijar, ke sa ido kan wannan. Ki fi kula da sikana (hoton CT), na ciki guda ya kai radiyon ƙirji wajen 100. Ekografi (hoton sauti) da IRM (hoton maganaɗisu) babu wannan hasken.

Ƴar Sitaji:
Na gode Hajiya. To majon ne zai sa mini maki, ta yaya zan ce a'a?

Hajiyar Tawa:
Kada ki ce a'a. Ki ce "bari in kira mamanshi", ki miƙa mata rigar.