Koyar da injiniyanci da aikin kafinta: shin zan iya riƙe su duka biyu?

Lakcara, sashen injiniyancin injuna

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata jami'ar tarayya a Arewa, shekarata ta shida ke nan, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki. A wannan zango kwas biyu ne a hannuna: zanen injiniya ga ɗaliban aji biyu, waɗanda ake haɗo su daga dukkan sassan tsangaya har sukan haura 300 a zaure ɗaya, da darasin ƙarfin ƙarafa da katakai ga 'yan aji uku. Ban da su akwai ɗalibai 7 na aji biyar da nake duba aikin kammala karatunsu, akwai zagayen duba 'yan aji huɗu da suka tafi SIWES, wato horon aiki a masana'antu, ga kuma digirina na uku da ya tsaya a babi na huɗu.

Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, na fara zama a shagon wani kafinta na unguwarmu saboda zaman gida ya ishe ni. Da farko riƙe masa katako kawai nake yi yana yankawa, daga baya ya miƙo mini zarto ya nuna mini yadda ake bin layin fensir ba tare da hannu ya karkace ba. Yanzu ina da 'yar rumfa a bayan gida, kuma a cikinta na yi kantar littattafai, da teburin karatun yara, da kujerar maɗaci da mahaifiyata take zama a kai. Natsuwar da nake samu idan ina goge katako da samfefa bayan La'asar, ba na samun irinta a ko'ina.

Sai wani babba a wurin aikinmu ya ce mini, cikin kyakkyawar niyya, duk sa'ar da na yi a rumfar nan na cire ta ne daga rubutun muƙala, kuma kwamitin ƙarin girma muƙalu yake ƙirgawa. Tun ranar maganar take cina a rai. Ina so in ji yadda kuke raba yininku, kuma ko ya kamata in ajiye kayan aikin nan har sai na kammala karatu.

Dattijo, sashen injiniyancin gine-gine

Wa alaikumus salam. Malam, na haura shekara 25 a gaban allo, kuma shawarata ita ce kada ka ajiye zarton nan, domin kai malamin ƙarfin kayan gini ne, kuma abin da hannunka yake koya a rumfa shi ne ainihin abin da kake rubutawa a allo. Ka duba kantar littattafan da ka yi. Ka san cewa idan ka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafunta, ka kuma cika ta da littattafai kamar da, lotsawar tsakiyar katakon za ta ƙaru sau 16, idan kuwa kaurin katakon ka ninka, lotsawar za ta ragu sau 8. Ɗalibanmu suna haddace wannan lissafi su ci jarrabawa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin katako ya yi ciki a gaban idonsu, har su tambayi kansu dalili.

Ni abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ginin ƙasa na gargajiya. Na taso ina shiga Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, amma sai da na zama malami na fahimci abin da nake kallo a samansa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya kuma gara ba ta cika cinta ba, da wuya ta tsallake fiye da kamu huɗu, wato ƙasa da mita 2, tana ɗauke da nauyin rufin ƙasa. To magina suna son soro mai faɗi, sai suka riƙa jera azara hawa-hawa daga bango biyu masu fuskantar juna, kowane hawa yana ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaure su da igiya, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo, idan kuma bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufin, an sami ɗaurin guga. Ƙasa tana jure danni amma ba ta jure ja, azara ce take ɗaukar jan, kamar yadda rodi yake yi a cikin kankare.

Duk ranar Asabar da safe nakan zauna a tsakar gida in gina ƙaramin bakan gizo mai tsawon kamu ɗaya, da tsinken giginya da zare da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa. Idan ya bushe nakan kai shi aji, in ce ɗalibai su nuna mini inda zai fara tsagewa kafin in ɗora masa ƙananan jakunkunan yashi ɗaya bayan ɗaya. Shirun da ajin yake yi a lokacin da siririyar tsaga ta fara bayyana, ban taɓa samunsa da alli ba. Masu tantance kwasa-kwasai na COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, su ma yanzu abin da ɗalibi ya iya yi suke tambaya, ba yawan shafukan da ya kwafa ba. Gaskiya ne muƙala ake ƙirgawa, amma biyu daga cikin nawa daga tsakar gidan nan suka samo asali, a kan yadda yawan ciyawa yake canza ƙarfin tubali.

Malama, sashen injiniyancin sinadarai

Na yarda da maganar Baba, sai dai ina so in ƙara batun lokaci, tunda shi ne ainihin tambayarka. Yinina yana farawa bayan Asuba, kuma sa'a ɗaya da rabi kafin yara su tashi ta rubutu ce kaɗai, ba na duba waya, ba na duba takardun ɗalibai. A wannan ɗan lokacin na rubuta yawancin digirina na uku. Daga ƙarfe 8 zuwa 4 na jami'a ne, dare kuma na iyali.

Ni rini nake yi. Na je marinar Ƙofar Mata a Kano da ɗalibai, na tsaya a bakin rijiyar rini ina kallon yadda ake tsoma farin yadi a ruwan baba da toka, ya fito da ɗan kore-kore, sannan iska ta buge shi ya koma shuɗi a hannun marini. Na san bayanin abin a takarda: ruwan da ya ruɓa yana mayar da sinadarin baba ya narke ya shiga zare, iska kuma ta maido shi yadda ba ya narkewa, ya maƙale a ciki. Amma ganinsa ya sa na sayi robobi na fara gwadawa a gida, kuma yanzu labulen falona ni na ɗaure shi na rina.

Dokar da na kafa wa kaina ita ce, daga ranar da aka fara jarrabawa har ranar da na miƙa sakamako, robobin nan a kife suke. Takardun zane 300 irin naka ba abin da za a duba da gajiyayyen ido ba ne, kuma hakkin ɗalibi yana gaban sha'awata. Idan ka ba kafinta yammacin Asabar da na Lahadi, ka ba karatunka kowace safiya, ba za su ci karo ba.

Malami, sashen injiniyancin lantarki

Da izinin manyana, ni ina da ɗan saɓani. Na shafe shekaru ina gyara tsofaffin rediyoyi da haɗa ƙananan na'urori da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, kuma ina jin daɗinsu har gobe, amma sai da na gane cewa duk ranar da babin bincikena ya yi mini tauri, sai in gudu zuwa teburin gyara. Hakan ya ƙara mini shekara biyu a digiri na uku, kuma ba a zama babban lakcara sai da shi. Malam, ka tambayi kanka tsakani da Allah ko hutawa kake yi a rumfar, ko kuwa ɓuya kake yi wa babi na huɗu. Idan na biyun ne, ka rufe ta wata uku ka gama babin. Kuma ka kiyayi karɓar aikin kuɗi, domin da zarar maƙwabta sun fara kawo maka gyaran ƙofa da alkawarin rana, sha'awa ta koma sana'a ta biyu.

Lakcara, sashen injiniyancin injuna

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maganar ɗan'uwana na sashen lantarki ta taɓa ni, domin na duba na ga makon da mai duba aikina ya dawo mini da babin da gyare-gyare masu yawa, a makon ne na fara teburin yara. Zan ɗauki tsarin Malama daga gobe, safiya ta koma ta rubutu, rumfa kuma sai Asabar da Lahadi, kuma na riga na mayar da aikin gado da wani maƙwabci ya kawo mini.

Ranka ya daɗe Baba, katakon farko da na sa a kantar nan ya lotsa har na cire shi na jingine a bango, kuma ranar Talata zan kai shi ajin 'yan aji uku tare da wani mai kauri. Ina roƙon ka gaya mini kwana nawa kake barin bakan gizon ya bushe kafin ka ɗora masa nauyi, kuma a inuwa kake shanya shi ko a rana.