Wuyan tirela da aka yanke aka ƙara wa tsawo: a saya ko a bari?

Manomi: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Na ga wata ƙaramar tirela ta hannu a Mando, mai manyan tayoyin nan ta shiga daji da ake ɗaura wa Hilux. So nake in riƙa kai taki da tankin ruwa gona wajen Kujama. Jikinta lafiya lau. Inda hankalina bai kwanta ba shi ne wuyanta, ƙarfen da ya fito gaba ya kama mota. Mai ita na farko ya yanke shi ya ƙara kamar ƙafa 2, wai don ƙofar bayan mota ta riƙa buɗewa. Fayif ɗaya ne miƙaƙƙe, ya sha sabon baƙin fenti. Dillalin ya rantse cewa wurin waldar ya fi ƙarfen kamfani ƙwari. Haka ne?

Oga Walda: Wa alaikumus salam. Bai yi maka ƙarya ba. In walda ta ci sunanta, ƙarfe ba ya karyewa a kanta. Ka shigo Panteka ka ga bodin motoci da garmar tarakta da muke haɗawa, duk waldar ce ke riƙe da su. Shi kamfanin da me ya haɗa tasa, da ƙaro?

Baba Direba: Ɗana, ka bar ta. Wuya ɗaya ne tsakanin kayanka da motar da ke binka a baya. In ya ɓalle a gangaren hanyar Kachia, ba takinka kaɗai zai zube ba. Abin da aka taɓa yankewa ni ba na ɗaura rai a kansa.

Injiniya: Oga, rabin maganarka daidai ne. Waldar kanta tana iya fin fayif ɗin ƙwari, shi ya sa ba a tsakiyarta ake samun tsaga ba. A gefenta take fitowa, daidai inda narkakken ƙarfe ya haɗu da wanda wuta ta gasa. Kuma ba nauyi ɗaya ne ke karya wuya ba, lanƙwasa ce ta yau da gobe: duk ramin da taya ta faɗa, wuyan ya ɗan yi ƙasa ya dawo. Sau dubbai a tafiya ɗaya kan burji. Tsagar takan fara kamar silin gashi, ta yi ta ci a ɓoye har ranar da za ta rabu gaba ɗaya. Bodin mota ba ya shan irin wannan wahalar.

Oga Walda: Wannan sai in baki da baki aka haɗa aka zagaye da walda, aikin yaran shago. Ni in zan ƙara wuya, sai na zura wani fayif a ciki ya shiga kowane ɓangare sosai, in huda ramuka in cike su da walda su kama na cikin, sannan in ɗora fileti a gefe da gefe, mai tsini a ƙarshensa. Ba na jan walda a gicciye a saman wuya ko ƙasansa. Wanda aka yi haka, Baba, ko jikanka zai gaje shi.

Baba Direba: To ta ina Manomi zai san haka aka yi, tunda fenti ya rufe? Sabon fenti a wuri ɗaya tak, sauran jiki ya koɗe, ai biri ya yi kama da mutum.

Hajiya Mai Kaji: Baba, ni tawa an ƙara mata wuya kuma da ita ake kai mini abincin kaji Maraban Rido. Direbana ya ce tun da aka ƙara, ribas ya yi sauƙi, ba ta saurin naɗewa ta bugi bamba, kuma ta rage rawa a kwalta. Kada a tsorata bawan Allah ya rasa abin arziki.

Injiniya: Hajiya, direbanki bai yi ƙarya ba, dogon wuya yana da wannan amfanin. Amma ga lissafin da ba a yi. Mu ce tirela da lodinta kilo 1,000 ne, daga aksul (sandar tayoyi) zuwa ƙwallon ƙarfen bayan mota da bakin wuya ke kamawa mita 2.5, nauyin da ke danne ƙwallon kilo 100. Kashi 10 cikin 100 ke nan, kuma abin da ake so ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15. Ka ƙara santimita 60, wato ƙafa 2 ɗin nan, nauyin ya sauko wajen kilo 80. Sai mutum ya tura buhuna gaba don ya koma 100. Wuyan da a da mita 1.2 ya fito daga jiki yanzu 1.8 ne, don haka ƙarfin da ke son lanƙwasa shi a gindinsa ya tashi daga 120 zuwa 180 (kilo 100 sau tsawon wuyan), ƙarin rabi cur. Wato ko waldar Oga ce, tambayar ita ce shi fayif ɗin an yi shi don wannan tsawon? In kaurinsa bai wuce milimita 3 ba kuma ba shi da ƙafafu biyu da suka tokare shi daga kusurwoyin jiki, a gindin zai fara gajiya, ba ma a wurin ƙarin ba.

Oga Walda: Nan kam ban musa ba. Shi ya sa nake sa tokari biyu. Amma wannan gyara ne na yini ɗaya, ba dalilin barin tirela ba ne.

Manomi: To in na koma me zan duba?

Injiniya: Ka tafi da burushin waya da tocila. Kankare fentin wurin ƙarin da na gindin wuya har farin ƙarfe ya fito. Jan layin tsatsa siriri a bakin walda tsaga ce. Manna maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila aka cusa, wato ƙullin da ake toshe rami da shi kafin fenti. Leƙa cikin fayif ta baki ka ga ko akwai na ciki, ka ga ko ruwa ya kwanta ya cinye ƙasansa. Ja igiya daga ƙwallon zuwa kowane ƙarshen aksul, in tsawon biyun ya bambanta wuyan ya karkace, tayoyi za su yi ta cinyewa. Sai ka ɗora bakin wuyan a kan sikelin awon mutum, ka ɗan yi masa tudu da katako ya daidaita, ka ga nauyinsa.

Baba Direba: Ka duba sarƙar da ke riƙe tirela da mota in wuya ya kwance ma. Wasu a sabon guntun suke liƙa ta, in ya ɓalle su tafi tare. Guda biyu ake so, a gicciya su a ƙarƙashin wuya don su tallafe shi kada ya caki ƙasa. Kuma ƙwallo iri-iri ne: na Turai milimita 50, na Amurka inci 2, wato 50.8. A ido ɗaya ne, amma ƙaramin a cikin babban baki kwance yake.

Hajiya Mai Kaji: Wannan ta sarƙa gobe zan sa a duba mini.

Manomi: Na kira dillalin yanzu. Ya ce in zan kankare fenti sai na fara ajiye kafin alƙalami.

Baba Direba: Ka ji ko? Ni na gama magana.

Oga Walda: Kada ka ajiye ko sisi. Ka ce masa kuɗin da za ka biya na tirela ne marar wuya, ka cire kuɗin sabon fayif mai kauri da aiki daga farashin. In ya yarda, a ɗoro ta a bayan mota a kawo min, kada a ja ta. Zan yanke tsohon daga gindi in sa guda ɗaya cikakke.

Baba Direba: Ashe kai ma ba ka yarda da waldar ba.

Oga Walda: Tawa na ce na yarda da ita, Baba. Wannan ban san hannun wa ta fito ba.